Yadda Ake Gano Sunaye Masu Kama Da Juna A Rubutu Ko A Lafazi Cikin Rajista

Duk wanda aka taɓa ɗora wa aikin haɗa rajista biyu wuri guda, ta makaranta ce ko ta asibiti ko ta ƙungiyar manoma, ya san cewa mutum ɗaya kan bayyana sau uku ko huɗu, kowane da irin rubutun da magatakardan ranar ya ga dama. A nan an rubuta Muhammad, a can Mohammed, a wata takardar Muhammadu, a wata kuma an gajarta shi zuwa Moh'd. Idan rajistar ta ƙetaro daga Maraɗi ko Damagaram, sai ka tarar da Mahamadou, da Ousmane a madadin Usman, da Aïchatou a madadin A'ishatu. Ɗan Adam da ya ɗora ido ya gane, amma kwamfuta haruffa kawai take gwadawa, harafi ɗaya ya saɓa sai ta ce mutane biyu ne.

Masana sun daɗe da ƙirƙiro dabarun lissafi, waɗanda ake kira algoridim, domin wannan matsala. Kashi biyu ne: masu auna kusancin rubutu, da masu tara kalmomin da lafazinsu ya yi kama. Sai dai mafi yawan na kashi na biyu an gina su ne a kan sunayen Turawa, kuma wanda ya ɗauko su yadda suke ya sake su a kan sunayenmu zai haɗa mutanen da ba ɗaya ba ne. Saboda haka rabin aikin da zan bayyana a nan gyaran hanya ne kafin a kai ga lissafin.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne rajistar kanta a cikin fayil na Excel ko makamancinsa, kowane mutum a layinsa. Ka tabbata an adana fayil ɗin da tsarin UTF-8, wato tsarin adana rubutu da ke riƙe haruffan kowane harshe, domin in ba haka ba, baƙaƙe masu ƙugiya irin su ƙ da ɗ da ɓ za su rikiɗe su koma alamar tambaya ko wasu baƙin alamomi, kuma sau da yawa ba za ka iya dawo da su ba.

Na biyu, kana buƙatar wasu bayanai bayan suna: sunan mahaifi, jinsi, shekarar haihuwa, gari ko unguwa, da lambar waya idan akwai. Suna shi kaɗai ba ya isa a yanke hukunci, musamman a wurin da aji ɗaya kan ƙunshi Abubakar Muhammad har guda uku.

Na uku, manhajar da za ka yi aiki da ita. Mai ɗan sanin Python, harshen rubuta umarnin kwamfuta, ya saka ƙananan manhajojin rapidfuzz da jellyfish, waɗanda kyauta ne kuma sun ƙunshi kusan duk dabarun da za a ambata. Idan babu intanet ɗin saukar da su, difflib tana zuwa tare da Python tun asali. Wanda bayanansa ke cikin manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL yana da kayan aikinta guda biyu, fuzzystrmatch da pg_trgm. Wanda bai iya rubuta umarnin kwamfuta ba kuwa, OpenRefine ta wadatar da shi, domin kyauta ce kuma da zarar an saka ta tana aiki a kan kwamfutar mutum ba tare da intanet ba.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, mutum ne da ya san al'ummar da ke cikin rajistar, kamar tsohon malamin makarantar ko sakataren ƙungiyar. Za ka buƙace shi a mataki na bakwai.

Mataki na 1: Ajiye asali, ka ba kowa lamba

Kafin ka taɓa komai, yi kwafin fayil ɗin ka ajiye na asali a gefe. A cikin kwafin, ka ba kowane layi lambarsa ta dindindin, daga 1 har zuwa ƙarshe, sannan ka buɗe sabon gurbi kusa da na suna inda za ka riƙa zuba sunan da aka gyara. Kada ka kuskura ka goge rubutun asali ka ɗora gyararre a kansa. Rubutun asali shi ne wanda ya dace da takardun mutumin, kuma shi ne hujjarka ranar da aka tambaye ka dalilin haɗa layi na 412 da na 3,087. Ka kuma tuna cewa bayanan mutane amana ne, kuma a Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a ta shekarar 2023, don haka kada ka ɗora rajistar a wani shafin intanet da ba ka san mai shi ba domin ya yi maka aikin.

Mataki na 2: Tsaftace rubutun

Fara da mayar da dukkan haruffa ƙanana, ka cire tazarar da ta yi yawa a farko ko ƙarshe ko tsakiyar suna. A Excel, LOWER da TRIM su ke wannan aiki. Daga nan ka cire lakabi irin su Alhaji, Hajiya, Malam, Alh., Mal. da Elh., amma ka kai su wani gurbi na daban maimakon ka zubar, domin akwai mutanen da Alhaji shi ne sunan da aka san su da shi tun suna yara. Sai ka warware gajartattun sunaye: Moh'd da Muh'd su koma Muhammad, A/Kadir ya koma Abdulkadir. Sunayen da aka raba biyu, kamar Abdul Kadir da Abdul-Kadir, a haɗe su.

Alamar hamza tana da tarko. Abin da ido ke gani a matsayin alama ɗaya a cikin A'isha ko Shu'aibu, a wurin kwamfuta alamomi ne daban-daban har uku ko fiye, ya danganta da wayar ko manhajar da aka yi rubutun da ita. Mafi sauƙi shi ne ka cire su duka a gurbin gyara.

Baƙaƙe masu ƙugiya ma sai an kula da su. A gurbin gyara kaɗai, ka mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, sannan ƴ da ake rubutawa a Nijar zuwa y, saboda yawancin magatakarda ba sa saka ƙugiyar, sai Ɗanladi da Danladi su zama mutane biyu. Masu amfani da Python su sani cewa dabarar da aka saba amfani da ita wajen cire alamomin saman wasula, wato NFKD, tana raba é da ï da alamominsu, amma ba ta taɓa ƙ da ɗ da ɓ, domin a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, haruffa ne masu zaman kansu. Idan ka biyo bayanta da umarnin zubar da duk harafin da ba na Turanci ba, Ɗanladi zai koma anladi. Dole ka sauya su da kanka tun kafin wannan umarni.

Mataki na 3: Daidaita salon rubutu

A nan ne ake mayar da rubutun Faransanci da na Turanci da na masu bin ƙa'idar Larabci zuwa salo guda. Ga ƙa'idojin da na ga sun fi amfani, kuma a jere suke yadda ya kamata a bi su:

tch ya koma c, kamar Tchiroma da Ciroma.
dj ya koma j, kamar Djibo da Jibo.
ou ya koma u, kamar Moussa, Harouna da Daouda.
ph ya koma f, q ya koma k, th ya koma s, kamar Mustapha, Sadiq da Uthman.
ei da ey su koma ai, kamar Suleiman da Zeinab.
o na tsakiyar suna ya koma u, kamar Mohammed.
Harafin da aka maimaita ya koma ɗaya, kamar Hassan da Hasan.
Ƙarshen ane ya koma an, kamar Ousmane da Souleymane.
Ƙarshen atu ya koma a, kamar Halimatu da Maimunatu.
Wasalin u na ƙarshe ya faɗi idan sunan ya wuce haruffa huɗu, kamar Kabiru da Kabir.

Akwai wurare biyu da masu koyo ke tuntuɓe. Na farko shi ne ch. A rubutun Nijar, ch yana wakiltar sh, kamar a Chaibou da Aïchatou, amma a rubutun Najeriya na salon Turanci yana wakiltar c, kamar a Chindo da Chiroma. Don haka ba za ka kafa masa ƙa'ida ɗaya ba sai ka san inda layin ya fito, kuma idan za ka mayar da shi sh, sai bayan ka gama da tch, in ba haka ba Tchiroma zai zama tshiroma. Na biyu shi ne wasalin e na ƙarshe. Wasu kan zubar da shi gaba ɗaya saboda Ousmane, sai su lalata Sule da Dije da Kande. Shi ya sa na taƙaita ƙa'idar ga ƙarshen ane kawai.

Wasalin a na ƙarshe kuwa kada ka taɓa shi ko kaɗan. Shi kaɗai ne ya raba Amina da Aminu, Jamila da Jamilu, Hassana da Hassan.

Wanda yake aiki da Excel kawai zai iya yin yawancin wannan da SUBSTITUTE, ƙa'ida ɗaya a kowane gurbi, na gaba yana karanta na bayansa.

Mataki na 4: Rubuta jadawalin laƙabi

Babu wata dabarar lissafi a duniya da za ta gane cewa Garba da Abubakar suna ɗaya ne, domin babu kamanni tsakaninsu a rubutu ko a lafazi. Wannan sani ne na al'ada, kuma sai ka rubuta wa kwamfuta shi da hannu. Ka buɗe ƙaramin jadawali mai gurbi biyu, laƙabi a hagu, sunan yanka a dama: Garba da Habu da Bukar na Abubakar ne, Mamman na Muhammad, Audu na Abdullahi, Iro na Ibrahim, Sule na Sulaiman, Idi na Idris, Shehu na Usman, Binta na Fatima, Dije da Hadiza na Khadija, Isuhu da Issoufou na Yusuf, Isyaku da Issaka na Ishaƙ.

Ka yi hattara da laƙabin da ke da iyaye biyu. Abu a wurin namiji Abubakar ne, a wurin mace kuwa Zainabu ce, don haka jadawalin sai ya dubi jinsi. Haka kuma akwai waɗanda laƙabin ya zame musu suna a dukkan takardunsu, har a samu Garba Abubakar, wato Garba ɗan Abubakar. Saboda haka jadawalin laƙabi shawara yake bayarwa cewa a duba waɗannan layuka biyu, ba shi da ikon haɗa su.

Mataki na 5: Raba sunayen rukuni-rukuni da mabuɗin lafazi

Idan rajistarka tana da mutum 10,000, kuma ka ce sai ka gwada kowa da kowa, gwaji 49,995,000 ke jiranka. Idan ta kai 50,000, gwajin ya haura biliyan ɗaya. Maganin wannan shi ne a ba kowane suna ɗan gajeren mabuɗi bisa lafazinsa, a tara masu mabuɗi ɗaya a rukuni guda, sannan a yi gwaji cikin rukunin kawai.

Tsohuwar dabara a wannan fanni ita ce Soundex, wadda Robert Russell ya yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1918, aka kuma yi amfani da ita a shekarun 1930 wajen tsara sunayen da ke cikin tsofaffin takardun ƙidayar jama'ar ƙasar. Ga yadda take aiki. Ana riƙe harafin farko yadda yake. Sauran baƙaƙe ana ba su lamba: b, f, p, v lamba 1, c, g, j, k, q, s, x, z lamba 2, d da t lamba 3, l lamba 4, m da n lamba 5, r lamba 6. Wasula da h, w, y ba su da lamba. Lambobi iri ɗaya da suka biyo juna kai tsaye ana ƙirga su ɗaya, sannan a tsaya a lamba uku, idan ba su cika ba a cike da sifili.

Gwada ta da Muhammad: M ya tsaya, mm ya ba da 5, d ya ba da 3, sai a cike da sifili, ya zama M530. Mohammed da Mahamadou ma M530 ne, wanda abin so ne. Amma Mahmud shi ma M530 ne. Amina da Aminu duk A550 ne, Nasiru da Naziru duk N260 ne, Hassan da Hassana da Husaini duk H250 ne. A ɗaya ɓangaren kuma, Usman U255 ne, Ousmane O255, ba za su taɓa haɗuwa ba saboda harafin farko. An yi ƙoƙarin gyara Soundex sau da yawa. Lawrence Philips ya fito da Metaphone a 1990 da Double Metaphone a 2000, Hans Joachim Postel ya tsara wa Jamusanci tasa dabarar a 1969, an kuma samar da Daitch-Mokotoff a 1985 domin sunayen Yahudawan gabashin Turai. Abin lura a nan shi ne kowace al'umma sai da ta tsara wa harshenta nata mabuɗin, mu ma haka ya kamata mu yi.

Mabuɗin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. Ɗauki sunan da ya riga ya bi ta mataki na 2 da na 3, ka riƙe harafin farko, ka zubar da sauran wasula, amma ka bar a idan shi ne na ƙarshe. Kada ka zubar da h, kada kuma ka haɗa s da z. Da wannan, Kabir da Kabiru za su zama kbr, Usman da Ousmane su zama usmn, Aminu ya zama amn, Amina ta zama amna, Nasiru nsr, Naziru nzr. Har yanzu Muhammad da Mahmud za su haɗu a mhmd, Hassan da Husaini a hsn, domin tushensu ɗaya ne a Larabci. Wannan ba laifi ba ne a wannan mataki. Mabuɗin lafazi kamar rariya ce mai faɗin ido, aikinta rage yawan abin da za a tsince, ba ita ke yin tsintar ba.

Sai dai wanda aka yi kuskuren bugu a ɗaya daga cikin baƙaƙen sunansa zai faɗa wani rukunin, ba za a gwada shi da ɗan'uwansa ba. Don haka ka yi rabon sau biyu ko uku: sau ɗaya da mabuɗin suna, sau ɗaya da mabuɗin sunan mahaifi haɗe da gari, sau ɗaya da lambar waya, sannan ka tattara duk layukan da suka haɗu ta kowace hanya.

Mataki na 6: Auna tazarar da ke tsakanin sunaye

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne tazarar Levenshtein, wadda masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, Vladimir Levenshtein, ya bayyana a 1965. Tambaya ɗaya take amsawa: gyara nawa ne mafi ƙaranci da za a yi wa wannan kalma ta koma waccan, idan gyaran da aka yarda da shi uku ne, wato ƙara harafi, cire harafi, ko musanya harafi da wani? Tsakanin Sani da Sanni gyara ɗaya ne, tsakanin Musa da Isa biyu ne.

Yana da kyau ka lissafa ta da hannu ko da sau ɗaya domin ka san abin da manhaja ke yi. Zana jadawali, haruffan kalma ɗaya a sama, na ɗayar a gefen hagu. Layin farko na kwance da na tsaye ka cika su da 0, 1, 2, 3 har ƙarshe. Kowane gida da ya rage, dubi maƙwabtansa uku: na sama, na hagu, da na kusurwar sama ta hagu. Idan harafin sama da na gefe iri ɗaya ne, kwafo lambar kusurwa yadda take. Idan sun saɓa, ɗauki mafi ƙanƙanta cikin ukun ka ƙara 1. Ga misalin Abdu da Audu:

.   .   a   b   d   u
.   0   1   2   3   4
a   1   0   1   2   3
u   2   1   1   2   2
d   3   2   2   1   2
u   4   3   3   2   1

Lambar da ke gidan ƙarshe, a ƙasa ta dama, ita ce amsar, wato 1. Wannan hanyar cike jadawali ita ce aka fi sani da sunan Wagner da Fischer, waɗanda suka wallafa ta a 1974.

Tazarar ita kaɗai tana ruɗarwa, domin gyara biyu a suna mai haruffa huɗu ya canza rabinsa, amma a suna mai haruffa goma sha biyu ƙaramin abu ne. Saboda haka a raba tazarar da tsawon sunan da ya fi tsawo, a cire abin da aka samu daga 1, sai a sami maki tsakanin 0 da 1. Musa da Isa za su sami 0.5. Muhammad da Mohammed, bayan gyara sun koma muhamad da muhamed, za su sami 0.86. Muhammad da Mahmud za su sami 0.57, Hassan da Husaini ma 0.57. Ka ga nan ma'aunin ya raba waɗanda mabuɗin lafazi ya tara.

Idan rajistar da hannu aka buga ta cikin sauri, ka yi amfani da nau'in da ake kira Damerau-Levenshtein, wanda ya ƙara gyara na huɗu, wato haruffa biyu maƙwabta su yi musayar wuri. Fatima da aka buga Faitma gyara biyu ne a wurin Levenshtein, amma ɗaya ne a wurin wannan. Fred Damerau ya nuna a 1964 cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kalmomin da aka yi kuskuren rubuta su a bayanan da ya bincika, kuskure ɗaya ne tak daga cikin waɗannan huɗun.

Za ka ci karo da masu yaba Jaro-Winkler, wadda Matthew Jaro da William Winkler suka samar a 1989 da 1990 domin aikin ƙidayar Amurka. Tana ƙara maki ga sunayen da haruffansu na farko, har zuwa huɗu, suka zo ɗaya. Ni dai ba na sakin jiki da ita a kan rajistarmu, saboda yawan sunayen da suka fara da Abdul. Abdulhamid da Abdulmajid ko a ma'aunin Levenshtein sun sami 0.8, balle a ma'aunin da ke fifita farkon suna. Dabarar ita ce idan sunayen biyu duk sun fara da abdul ko abdur, ka yanke wannan ɓangaren ka auna sauran kawai.

Hanya ta uku ita ce yanka suna gutsure-gutsure masu haruffa uku-uku a ƙirga waɗanda aka yi tarayya a kansu. Abubakar zai ba da abu, bub, uba, bak, aka, kar. Abubakr zai ba da abu, bub, uba, bak, akr. Sun yi tarayya a huɗu daga cikin bakwai. Wannan ita ce tushen pg_trgm, kuma tana da sauri a manyan rumbunan bayanai, amma a gajerun sunaye irin su Isa da Ali ba ta da abin kamawa.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki ya shafi jerin suna. Akwai umarnin da ke sake jera sassan suna kafin ya auna, kamar token_sort_ratio na rapidfuzz, domin ya kama inda aka rubuta sunan mahaifi a gaba. A wurinsa Sani Musa da Musa Sani daidai suke ɗari bisa ɗari. A al'adarmu kuwa, inda suna na biyu na mahaifi ne kuma ana yawan mayar wa jariri sunan kakansa, Musa Sani yana iya kasancewa ɗan Sani Musa ne na cikinsa. Ka auna sunan mutum da sunan mutum, na mahaifi da na mahaifi. Inda suka zo a juye, shekarar haihuwa ce za ta raba gardama.

Mataki na 7: Kafa iyaka, ka bar wa mutum hukuncin tsakiya

Kowace manhaja tana zuwa da iyakarta, wato makin da daga shi zuwa sama take ɗaukar sunaye biyu a matsayin masu kama da juna: difflib tana farawa da 0.6, pg_trgm da 0.3, haɗin sunaye masu kama na Power Query, wani sashe na Excel, da 0.8. Waɗannan lambobi ba su san rajistarka ba, kuma ma'aunansu ma ba iri ɗaya ba ne, don haka kada ka ɗauki iyakar wannan ka ɗora wa waccan. Abin da za ka yi shi ne ka tsamo layuka bibbiyu kamar ɗari biyu daga matakan maki daban-daban, ku zauna da wanda ya san mutanen, ya riƙa faɗa maka wanne ne mutum ɗaya wanne ne mutane biyu. Daga nan za ka ga makin da daga shi zuwa sama kusan duka daidai ne, da makin da daga shi zuwa ƙasa babu abin nema.

Wannan zai ba ka kashi uku, tsarin da Ivan Fellegi da Alan Sunter suka kafa wa ginshiƙin lissafi tun 1969: waɗanda aka tabbatar ɗaya ne, waɗanda aka tabbatar daban ne, da na tsakiya da sai mutum ya duba. Shawarata ita ce kada layi biyu su shiga kashin farko sai suna da sunan mahaifi sun sami maki mai yawa, jinsi ya zo ɗaya, kuma aƙalla wani bayani guda, kamar lambar waya ko ranar haihuwa, ya dace. Idan jinsi ya saɓa, komai yawan makin, a kai su wurin mai dubawa.

Tagwaye sun cancanci a yi musu ƙa'ida ta musamman. Hassan da Hassana mahaifinsu ɗaya, ranar haihuwarsu ɗaya, gidansu ɗaya, lambar wayar da aka rubuta musu ma ta mahaifin ce, kuma harafi ɗaya ne tsakanin sunayensu. Duk wata alama da kwamfuta ke dubawa tana nuna mutum ɗaya ne. Idan rajistar ta rigakafi ce, haɗa su na nufin a ɗauka an yi wa yaron da ba a yi wa ba. Idan ta rabon tallafi ce, wani ya rasa haƙƙinsa ke nan ba tare da ya san dalili ba. Ka rubuta jerin sunayen da ba a yarda a haɗa su ba har abada sai da sa hannun mutum: Hassan, Hassana, Husaini, Husaina da Usaina, sannan Amina da Aminu, Nasiru da Naziru, Salisu da Salihu. Barin mutum ɗaya a layi biyu aibi ne da za a iya gyarawa gobe, amma mutane biyu da aka narkar a layi ɗaya da wuya a gane an yi, sai ranar da ɗayansu ya zo aka ce babu sunansa.

Ka kuma kiyayi haɗin sarƙa. Idan na ɗaya ya yi kama da na biyu, na biyu ya yi kama da na uku, wasu manhajoji kan tara su duka a matsayin mutum ɗaya ko da na ɗaya da na uku ba su da kusanci. Duk tarin da ya wuce layuka uku ko huɗu, a buɗe shi a duba da ido.

Masu amfani da OpenRefine su shigar da gurbin da suka gyara a mataki na 2 da na 3, su zaɓi Cluster and edit, su gwada hanyar Levenshtein da ke ciki. Manhajar za ta jero sunayen da take zargin ɗaya ne, amma kada a danna maɓallin zaɓar duka, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 8: Rubuta sakamako

Kada ka goge layin da aka gano maimaici ne. Buɗe gurbi mai suna lambar mutum, ka ba dukkan layukan da aka tabbatar na mutum ɗaya ne lamba guda, kusa da ita kuma ka rubuta makin da suka samu, da ko manhaja ce ta haɗa su ko mutum, da ranar da aka yi. Ta haka idan an gano kuskure, canza lamba ɗaya ya isa a raba su. Duk sabon laƙabi ko salon rubutu da mai dubawa ya ci karo da shi, a ƙara shi a jadawalin mataki na 3 ko na 4, sannan a sake maimaita aikin daga mataki na 5 domin a kama layukan da suka kuɓuce a zagayen farko. Ajiye jadawalan biyu da jerin sunayen da aka hana haɗawa a fayil guda tare da rajistar, domin wanda zai karɓi aikin a bayanka ya ci gaba daga inda ka tsaya.